Fiyanon Japan, Waƙar Kano

Da la'asar sakaliya, idan ɗaliban Jami'ar Bayero da na tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya suka taso, Ƙofar Kabuga cika take yi da 'yan adaidaita sahu, kowa da lasifikarsa a bayan kujera. Wannan ya saki Hamisu Breaker, wancan Umar M. Shareef, na gaba kuma begen Manzon Allah yake ji, can gefe mai cajin waya ya ƙure wata waƙar siyasa. Muryoyi daban, saƙo daban. Amma wanda ya kasa kunne ya bar baitin ya bi kiɗan kawai, zai ji kusan abu ɗaya ne ke ɗauke da su duka: fiyano, ko kwamfutar da ta gaje shi. Ta wannan ƙofa sojojin Ingila suka shigo birnin Kano a 1903, kowa ya san labarin. Baƙon da ya shigo daga Japan kuwa ba wanda ya riƙe ranar zuwansa, ga shi ya zama ɗan gida har ana mantawa da asalinsa.

A can Japan ɗin akwai wata ƙungiyar mawaƙa ta mutum huɗu mai suna Official HIGE DANdism, wadda ta gina sunanta a kan fiyano. An kafa ta a 2012 a yankin Shimane, nesa da hayaniyar Tokyo, kuma jagoranta Satoshi Fujihara, wanda shi ne mai waƙa kuma shi ne mai fiyano, ya taɓa aikin banki kafin waƙa ta ɗauke shi gaba ɗaya. Waƙarsu "Pretender" ta 2019 ita ta kai su ko'ina a ƙasar. Yaranmu masu kallon zanen anime a waya sun ci karo da su ko da ba su riƙe sunan ba, domin su suka yi "Cry Baby" da ke buɗe Tokyo Revengers a 2021, da "Mixed Nuts" ta Spy x Family a 2022. Masoyansu kan yi ta musu a kan wacce ta fi, kamar yadda ake yi a majalisun Kano tsakanin 'yan Nura M. Inuwa da 'yan Breaker. Sai dai abin da Bajapane ke nufi da ƙungiyar fiyano daban yake da abin da mu muke nufi da waƙar fiyano, duk da cewa kayan aikin daga ƙasa ɗaya suka fito.

A wajensu mutum huɗu ne a kan dandamali, mai fiyano, mai jita, mai jitar da ke ba da amon ƙasa, da mai ganguna, kowa na buga nasa da hannunsa a lokaci guda. A wajenmu mutum ɗaya ne a ƙaramin ɗaki, injin yana yi masa aikin sauran ukun.

Yamaha, da mutanenmu suka fara sani a kan babur da injin ban ruwa, asalinsa kamfanin kayan kiɗa ne. Torakusu Yamaha ya gyara wani fiyano mai iska na makaranta a garin Hamamatsu a 1887, daga nan ya shiga ƙera irinsa. Kamfanin babur sai a 1955 ya ɓalle ya tsaya da ƙafarsa. Tambarin nan da ke jikin tankin babur, wanda wasu ke ɗauka taurari ne, ƙarafa uku ne na daidaita sautin kayan kiɗa aka gicciya. Casio kuma, mai agogo da kalkuleta, ya fito da Casiotone a 1980. Tun daga shekarun nan kamfanonin biyu suka cika duniya da ƙananan fiyano masu aiki da batir ko lantarki, waɗanda aka yi don yara da masu koyo a gida. Ba don situdiyo aka ƙera su ba.

Wanda bai taɓa shiga situdiyo ba, ga abin da zai gani a irin na da. Ɗaki ne da aka lulluɓe bangonsa da soso ko kafet don kada ƙarar janareta ta shigo. Fiyano na kan tebur, yawanci ɗaya daga cikin jerin PSR na Yamaha, mai madannai 61, farare da baƙaƙe, a samansu kuma maɓallai birjik da ɗan allo mai haske. A cikinsa akwai ɗaruruwan muryoyi: sarewa, goge irin na Turawa, ganga, kakaki, tafi. Akwai kuma kiɗa dafaffe da aka ajiye tun daga masana'anta, danna maɓalli ɗaya sai ganguna su kama da kansu. Mawaƙi ya shigo da waƙarsa a takarda ko a ka, ya rera amshin sau biyu ko uku. Makaɗi na sauraro, yana laluben karin da yatsa ɗaya har ya kama shi. Sai ya shimfiɗa ganga, ya ɗora amon ƙasa, ya yafa sarewa a tsakanin baituka. Kafin magariba an gama kiɗa, gobe 'yar amshi ta zo ta ɗora murya.

Dalilin da wannan inji ya samu gindin zama a Kano ba wani ɓoyayyen abu ba ne, kuɗi ne da gaggawa. Da aka fara finafinan bidiyo na Hausa da Turmin Danya a 1990, masu shiryawa matasa ne marasa jari. Ɗauko mawaƙin gargajiya da makaɗansa da 'yan amshinsa da sanƙirarsa aiki ne na masu hannu da shuni, kuma irin su Mamman Shata da kalangunsa, ko Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, ba su tsara sana'arsu don saurayi da budurwa su yi ta zagaye itace a fim ba. Matasan kuwa da finafinan Indiya suka tashi, a silimu irin su Plaza da Marhaba da El Dorado, kunnensu ya saba da namiji ya yi baiti mace ta mayar masa. Fiyano ya ba su wannan a farashin da za su iya. Situdiyon Iyan-Tama na cikin waɗanda suka fara riƙe aikin da gaske, sannan fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, ya nuna wa 'yan kasuwa cewa waƙa ɗaya mai daɗi ta isa ta sayar da kaset. Daga nan aka shiga zamanin nanaye, har ta kai ana fara yin waƙa kafin a nemo labarin da za a rataya mata.

Akwai kuma dalili na kunne. Yawancin karin waƙar Hausa a kan sautuka biyar yake tafiya, ba bakwai irin na Turawa ba. Wanda ya bi baƙaƙen madannan fiyano kaɗai, bai taɓa farare ba, zai ji abin da ke fita ya yi kama da waƙar gaɗa ko ta daɓe. Shi ya sa yaron da bai taɓa shiga ajin kiɗa ba zai iya zama gaban injin mako kaɗan ya fara fitar da abin da uwarsa za ta gyaɗa kai. Su ma Japanawa tsofaffin waƙoƙinsu na enka da na yara da yawa a kan sautuka biyar suke. Ba don mu suka ƙera injin ba, amma bai yi mana gardama ba.

Inda ya gaza shi ne magana. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma kalangu na bin wannan hawa da saukar: makaɗi ya matse tsirkiya a hammata sauti ya ɗaga, ya sassauta ya sauko, har mahauci ya ji kirarinsa ba tare da an buɗe baki ba. Madannin fiyano sauti ɗaya yake bayarwa, tsayayye. Akwai wata 'yar ƙafa a gefen hagu da ake murzawa don a lanƙwasa sautin, gwanaye na amfani da ita su kwaikwayi algaita ko goge, amma kwaikwayo ne, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu kotso a fada ya san tazarar. Yamaha ya yi wa Larabawa fiyano na musamman mai sautukansu, ya yi wa Indiyawa mai tabla a ciki. Namu makaɗan dabara suka yi da abin da suka samu, suka ɗauki gangar da aka yi don wata rawar Latin Amurka suka tanƙwara ta har ta yi kama da ta gidan biki.

Ba mu kaɗai muka yi haka ba. A Jamaika, wani kiɗa da wata ma'aikaciyar Casio mai suna Hiroko Okuda ta saka a cikin ƙaramin MT-40 shi ya zama "Sleng Teng" a 1985, ya juya reggae zuwa kiɗan inji. A Nijar kuma Mamman Sani ya riga kowa, tun a 1978 ya naɗi kaset da fiyanon lantarki, nasa dai ƙirar Italiya ne, kuma gidan rediyo da talabijin na ƙasar suka daɗe suna sa kiɗansa a tsakanin shirye-shirye.

Shigar fiyano cikin bege ta tayar da ƙura, domin akwai malaman da suka yarda da mandiri amma suka ce wannan kayan gidan rawa ne. Sha'irai irin su Rabi'u Usman Baba da marigayi Fadar Bege suka yi amfani da shi, jama'a kuma suka karɓa. Gwamnati ma ta sa hannu: an kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, aka tsananta daga 2007, har Aminu Ala ya shiga hannu a 2009 a lokacin rikicin waƙar "Hasbunallahu". Amma ko a wannan rikicin, baitin ne ya tsone wa hukuma ido, ba madannai ba.

Nan ne nake ganin mun bambanta da Japanawa a abin da ke sa waƙa ta zama abar so. Mai son Official HIGE DANdism zai ce maka yana son "Cry Baby" ne saboda yadda take sauya mazaunin sauti a tsakiyar tafiya, ta fizge ka zuwa inda ba ka zata ba, ta dawo da kai. Kiɗan yake yabo. Bahaushe kuwa tambaye shi waƙar da ya fi so, baiti zai kawo maka. Waƙar "Jami'a" ta Ala ta zauna a bakin ɗalibai ne saboda ta faɗi abin da ke cinsu. "Jaruma" ta Breaker ta mamaye gari a 2020, lokacin kullen korona, har matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyo suna taka wa mazajensu rawa, ana ta cece-kuce, kuma kalaman ne suka kai ta can. Kiɗan da ke ƙarƙashin yawancin waƙoƙin da muke so, in za a faɗi gaskiya, 'yan sautuka ne ƙalilan ke ta zagayawa daga farko har ƙarshe.

Wannan ƙarfi ne, domin ya nuna har yanzu harshe ne sarki a waƙarmu. Amma ya zama mafakar ragwaye. Tunda mai sauraro ba ya tuhumar kiɗa, sai makaɗi ya buɗe aikin jiya a kwamfuta, ya sauya sarewa da goge, ya miƙa wa mawaƙin yau. Yanzu ma fiyanon a situdiyo da yawa ya koma allon dannawa kawai, manhajar FL Studio ke fitar da sautin, Auto-Tune kuma na miƙe muryar da ta karkace har kowa ya koma yana waƙa ta hanci ɗaya. Je ka gidan biki ka gani: mawaƙi ya riƙe makirfo, DJ ya saki waƙar daga filashi, shi kuma yana bin ta da leɓe ana yi masa liƙi. Shata bai taɓa rera waƙa sau biyu iri ɗaya ba, domin makaɗansa na kallon bakinsa, shi kuma yana kallon taron.

Laifin ba na injin Japan ba ne. Fujihara ma a kan irin waɗannan madannai yake zama, bambancin shi ne ya ba su shekaru yana koyo da hannu biyu. A Kano akwai makaɗan situdiyo masu kunne na ban mamaki, waɗanda ba a sanin sunansu sai in mawaƙi ya ga dama ya ambace su a ƙarshen waƙa. Sau ɗaya ake biyansu, waƙar ta yi shekara goma tana kawo kuɗi a YouTube da Audiomack da gidajen biki, ba su da ko sisi a ciki. Wanda aka biya kuɗin yini ɗaya, aikin yini ɗaya zai yi. Mawaƙan da suka fara gayyato mai kalangu ko mai gurmi cikin situdiyo, a naɗi hannunsa a ɗora a kan fiyanon, suna kashe kuɗi fiye da sauran, kuma ana jin bambancin tun daga bugun farko, ko a lasifikar adaidaita ce.