Tsofaffin Taswirorin Gandun Yosemite: Me Suke Nunawa?

Hukumar nazarin ƙasa ta Amurka, USGS, wadda aka kafa a 1879, ta zana taswirorin gandayen daji da dama na ƙasar. Irin wannan taswira tana nuna tudu da kwari ta hanyar layuka masu lanƙwasa, kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu daga teku ɗaya ne. Inda layukan suka cunkushe, dutse ne mai tsananin gangare. Inda suka warwatsu, fili ne. Launin ruwan ƙasa na tudu ne, shuɗi na ruwa, baƙi kuwa na abin da mutum ya gina, kamar hanyoyi da gadoji da masaukin baƙi.

A gandun Yosemite na jihar Kalifoniya, wanda aka kafa a 1890, François Matthes, mai zanen taswira na USGS, ya auna kwarin gandun a 1905 da 1906. A ƙafa da kan dabba ya yi aikin, yana kafa teburin awo a bakin duwatsu.

Amfanin tsohuwar taswira shi ne nuna abin da ya ɓace. Taswirorin da aka zana kafin 1923 suna nuna kwarin Hetch Hetchy na cikin gandun da koginsa, kafin madatsar ruwa ta nutsar da shi. Otal ɗin Glacier Point, wanda gobara ta cinye a 1969, yana nan a taswirorin zamaninsa.

Yau USGS ta ɗora dubban waɗannan taswirori a intanet, kowa na iya saukewa kyauta.