Kwamfuta 'Yar Goyo da Matsalar Sake Rajistar Windows

Gabatarwa

Ɗalibin harshe ba ya rabuwa da kwamfuta, ko yana so ko ba ya so. Da ita ake buga kundin digiri, da ita ake tattara kalmomi, da ita kuma ake auna sauti. Wani lokaci manhajar da ake buƙata tsohuwa ce, ta zamanin Windows 95 ko kafin nan, sai sabuwar kwamfuta ta ƙi karɓar ta ƙememe, domin Windows mai bit 64 ba ya tayar da manhaja mai bit 16. Dabarar da ake yi ita ce a gina wata kwamfuta ta manhaja zalla a cikin ta gaske, ta hanyar amfani da VirtualBox ko VMware, a sa mata tsohon Windows. Ni dai a nan zan kira ta 'yar goyo, kwamfutar da ke ɗauke da ita kuma uwar goyo. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan matsalar da ke tasowa in an sauya wa 'yar goyo uwa: Windows ya ce bai san ta ba, a sake rajista.

Mu a Kafanchan da kewaye abin ya fi shafar mu. Tun shekarun 2000, lokacin da Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loco ta riƙa koyar da kwamfuta da na'urorin da aka sabunta, ta kuma kafa hanyar intanet mara waya mai suna Zittnet, yawancin kwamfutocin da ke hannun jama'a na gwanjo ne. Na'urar gwanjo kuwa ba ta alkawari. Yau tana aiki, gobe ta mutu, dole ka kwashe 'yar goyonka a filashi ka kai ta kan ta wani.

Yadda Windows yake gane na'ura

Kamfanin Microsoft ya shigo da tilasta rajista a cikin Windows XP a shekarar 2001, ya ba mai amfani kwana 30 ya yi. A lokacin rajistar, Windows yakan duba sassa goma na kwamfutar, kamar nau'in ƙwaƙwalwar sarrafawa, da yawan ma'adanar wucin gadi, da faifan ajiya, da katin hoto, da katin haɗi da intanet. Duk lokacin da aka kunna ta sai ya sake dubawa, tamkar ana kaɗa ƙuri'a. Kowane sashe da bai canza ba yana da ƙuri'a ɗaya, in ban da katin haɗi, shi yana da uku. Jimla 12 ke nan, kuma ana buƙatar 7 kafin Windows ya yarda cewa na'urar ce dai ta jiya.

Abin da yake dubawa a katin haɗin shi ne adireshin MAC. Mai karatu, kada ka rikita shi da adireshin IP. Shi IP kamar lambar babur ne, ana iya sauya ta in an koma wata jiha. MAC kuwa kamar lambar shasi ne, daga masana'anta yake zuwa. Alamomi 12 ne, shidan farko suna nuna kamfanin da ya ƙera katin. Katin 'yar goyo ba na ƙarfe ba ne, saboda haka manhaja ce ke ƙirƙira masa lamba: ta VirtualBox tana farawa da 08:00:27, ta VMware galibi da 00:0C:29, ta Hyper-V kuma da 00:15:5D.

To, ga inda gizo ke saƙar. In ka kwafi 'yar goyo, manhajar takan ba ta sabon MAC ba tare da ka lura ba. Ƙuri'a uku sun tafi. Sabuwar uwar goyo tana da wata ƙwaƙwalwa daban, ɗaya ta tafi. Ka rage ma'adanar wucin gadi sosai don na'urar abokinka ƙarama ce, wata ta tafi. Saura bakwai cif. Sauyi ɗaya kacal, sai XP ya ba ka kwana uku ka sake rajista, in ba haka ba ya hana ka shiga. A wancan zamani, wanda ba shi da intanet sai ya buga waya ya karanta lamba kusan hamsin, a karanto masa wasu 42. Wanda ya san tsadar katin waya a lokacin ya san abin ba wasa ba ne.

Daga Windows 10, wanda ya fito a 2015, lasisin ya koma ajiye a wurin Microsoft, an ɗaure shi da alamomin na'urar. A 'yar goyo, lambar shaidar na'ura da ake kira UUID ta zama abin kula ita ma, tare da MAC.

Abin yi

VMware yakan yi tambaya in ka buɗe 'yar goyo a sabon wuri: matsar da ita ka yi, ko kwafa? Amsar farko tana barin MAC da UUID yadda suke, ta biyu tana sauya su duka. Na sha ganin ɗalibai suna danna ta biyun, domin a fahimtarsu ai "kwafa" suka yi a filashi. A nan ma'anar kalmar ce ta yaudare su, abin da ya kamata mu ɗaliban harshe mu fi kowa lura da shi. Manhajar tana tambaya ne ko na'ura biyu za su rayu tare, ba yadda fayil ya yi tafiya ba. A VirtualBox kuwa, shafin kwafa yana da zaɓin riƙe dukkan adireshin MAC da na riƙe UUID. Tun ranar rajista ma, ka rubuta lambobin nan a bangon littafinka, domin ana iya mayar da MAC da hannu a sashen saitin haɗi.

Sai dai fa akwai inda riƙe MAC yake zama cuta. In malami ya raba 'yar goyo ɗaya a ɗakin kwamfuta da aka haɗa da waya, kowace da lamba iri ɗaya, kuma an saita su su fito kai tsaye a kan hanyar, saƙon wannan zai riƙa faɗawa wurin waccan, intanet ya riƙa yankewa ba dalili. Saitin NAT yana magance wannan, domin 'yar goyo tana laɓewa ne a bayan adireshin uwarta. Amma bai magance zancen lasisi ba: kowace 'yar goyo mai Windows tana buƙatar nata. Lasisin da ya zo da laftof ɗinka ta gwanjo, wanda tun Windows 8 ake dasa shi a cikin allon na'urar, na uwar goyo ne kaɗai.

Wasu masu shagon buga takardu za su ce ka kawo su fasa maka rajistar. Ban ba da wannan shawara ba, domin irin waɗannan manhajoji kan zo da ƙwayar cutar kwamfuta, kuma kundinka na shekara huɗu yana kan faifan. XP ma an daina tallafa masa tun Afrilun 2014, don haka in tsohuwar manhajar ba ta buƙatar intanet, ka cire alamar da ke nuna an jona waya a saitin haɗi, amma ka bar katin a wurinsa. Cire katin gaba ɗaya asarar ƙuri'a uku ce.