Shari'ar sauyin yanayi: daga littafi zuwa kotu

Wa zai tsaya wa jikokinmu da ba a haifa ba a gaban alƙali? Tambayar da marubucin Amurka Kim Stanley Robinson ya yi ke nan a littafinsa na 2020, The Ministry for the Future. Ya ƙago hukuma mai kare haƙƙinsu. Lauyoyinta na kai ƙara, kotuna na jan ƙafa.

Mun ɗauka tatsuniya ce. Sai ga shi a Yulin 2025, da ƙoƙarin ƙasar Vanuatu, Kotun Duniya ta ce wajibi ne ƙasashe su kare yanayi, kuma ƙasar da aka cutar tana iya neman diyya. Shawara ce, ba hukunci ba. Amma mu da ambaliya ke cinye wa gonaki mun samu madafa.