Yadda Ake Lulluɓe Akwatin Lasifika Mai Lanƙwasa da Fatar Katako

Da an gama girbi, wasu 'yan ƙungiyoyinmu na Kakuri, Narayi da Sabon Tasha sukan koma aikin kafinta. Aikin da ya fi ba su wahala shi ne akwatin lasifika mai zagayayyen gefe, irin wanda majami'u da masu biki suke nema. Ba don ado kaɗai ake lanƙwasa shi ba. Katako mai lanƙwasa ya fi shimfiɗaɗɗe ƙarfi, ba ya yawan karkarwa, sai murya ta fita sarai.

Fatar katako, wadda kafintoci ke kira biniya, katako ne mai kyau da aka yanka siriri, kaurinsa bai kai milimita 1 ba. Wanda muka fi sani shi ne Sapele mai jan launi, wanda ya ci sunan garin Sapele na Jihar Delta. Tana da tsada, kuma in ta tsage an yi hasara.

Ga abin da za a riƙe. A dubi jijiyoyin katakon. Dole su tsaya daga sama zuwa ƙasa, lanƙwasar ta bi ta kansu a gicciye. Ku tuna da kara: yana da wuyar tanƙwarawa, amma zanar kara tana naɗuwa ba gardama. In aka kwantar da jijiyoyin suka bi zagayen, fatar za ta karye.

Sai maganar hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar Kaduna takan busar da fatar har ta yi ƙaras-ƙaras. A yayyafa mata ruwa kaɗan, a sa ta tsakanin takardu, a danne da falanki ta kwana. Kada a manna ta tana da laima, gama in ta bushe a jikin akwati za ta tsuke ta tsage.

Yawancin kafintoci Evo-Stik suke so domin saurinsa. Amma shi ba ya yafe kuskure, inda ya taɓa nan ya kama. Wanda zai yi aiki da shi ya shafa wa akwati da fata duka, ya jira kamar minti 15 har ya daina kama yatsa, ya sa takarda tsakani, ya fara mannawa daga tsakiyar lanƙwasar yana janye takardar sannu a hankali. A yi a fili, nesa da murhu, domin tururinsa yana kama wuta.

Mu dai mun fi son farin gam na katako, musamman ga mai koyo, domin yana ba da zarafin gyara. Wurin dannewa ba sai an sayi kome ba. A yanka tsohuwar robar cikin tayar keke tsilla-tsilla, a ɗora kwali a kan fatar, a naɗe akwatin tam, a bar shi har gobe.

Kashegari a ƙwanƙwasa da farce ko'ina. Inda aka ji sautin rami, iska ce ta maƙale. A tsaga wurin da reza bisa jijiya, a cusa gam, a danne. Samfefa kuwa da hannu za a goga, a hankali, musamman a bakin gefe inda fatar take saurin hujewa.