Ko Kun Sani? Jirgin Ne Ke Saita Bindiga

Matuƙin jirgin yaƙin Super Tucano ba ya iya juya bindigarsa ko kaɗan! Bindigogin biyu, masu harsashin milimita 12.7, a kafe suke cikin fukafukai, sai dai ya karkata jirgin ɗungurungum.

Jiragen nan, da shidan farko suka sauka Kano a watan Yulin 2021, suna ɗauke da kwamfutar da ke lissafa gudu, nisa da iska, ta ɗiga alama a gilashin da ke gaban matuƙi. Dalili kuwa, harsashi yakan yi ƙasa da kusan mita 5 a daƙiƙarsa ta farko.

Kwatankwacin wannan lissafin maharban karkarar Gombe ke yi da ido idan zabuwa ta tashi sama.