Juyen man mota a gida: Abin da mai mota a Gombe ya kamata ya sani kafin ya kwance noti

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, ɗawainiyar mota ta ƙara nauyi a wuyan jama'a. Man juye ma bai tsira ba, domin akasarin ɗanyen man da ake haɗa shi da shi daga ƙetare ake shigo da shi. Wannan ya sa wasu masu motoci a Gombe ke jinkirta juye, wasu kuma na tunanin yin aikin da hannunsu a ƙofar gida.

Juye aiki ne mai sauƙi ga wanda ya san ƙa'idarsa. Sai dai kuskure ƙarami, kamar barin noti a sake ko zuba man da bai dace ba, na iya sa inji ya buga, kuɗin gyara kuma ya ninka abin da aka so tattalawa sau da yawa.

Me ya sa mai ke saurin gajiya a Gombe?

Man juye yana hana ƙarafan inji gogar juna, yana rage zafi, yana kuma kwashe datti zuwa filta. Da tafiya ta yi nisa, zafi da ƙura da burbushin hayaƙi kan rage masa ƙarfi.

Littattafan motoci da yawa sun raba tuƙi gida biyu, na yau da kullum da na wahala. Na wahala ya ƙunshi tuƙi cikin ƙura, da zafi mai tsanani, da gajerun tafiye-tafiye, da yawan tsayuwa inji na aiki. Duk waɗannan sananne ne a Gombe. Ƙurar hunturu kan rufe gari daga Nuwamba zuwa Fabrairu, zafin bazara a Maris da Afrilu kan kai kusan digiri 40, wanda kuma ke zirga-zirga tsakanin Pantami, Jekadafari da Tudun Wada sau da yawa yakan kashe mota kafin mai ya ɗauki zafin da zai kori danshin da ke cikinsa.

A irin wannan hali, kamfanoni da dama na ba da shawarar juye a kusan kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Abin da littafin motar ya faɗa shi ne abin bi. Baƙin launi kaɗai ba ya nuna mai ya mutu, domin mai mai kyau kan yi duhu yayin da yake kwashe datti.

Zaɓen mai

Lambobin da ke jikin galan, irin su 5W-30 ko 20W-50, suna nuna kaurin mai ne. Ta farko tana nuna yadda yake gudana inji na sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan inji ya yi zafi. Akwai fahimtar da ta yaɗu cewa mai kauri ya fi dacewa da ƙasa mai zafi. Ga tsofaffin injuna hakan na iya yin daidai, amma sababbin injuna da yawa an ƙera su da ƙananan hanyoyin mai, mai kauri kuma kan yi jinkirin isa inda ake buƙatarsa da safe. Galibi an rubuta lambar da ta dace a kan murfin zuba mai ko a littafin mota.

Jabun mai ma babbar matsala ce. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha gargaɗi a kan man juye marar inganci, hukumar NMDPRA da Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kafa kuma ita ke da alhakin sa ido kan harkar. Mafi aminci shi ne sayen galan da ba a fasa hatiminsa ba a wurin dillalin da aka sani. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba a san asalinsa ba, kuma arha ba ta ado.

Yadda ake juyen

Kayan aikin su ne sifana daidai da girman notin, abin kwance filta, kwano mai faɗi da zai ɗauki fiye da lita biyar, mazurari, tsumma, safar hannu, sabuwar filta da sabuwar wosha. Ƙananan motoci da yawa na shan lita 3.5 zuwa 5.

A fara da ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri mai ƙarfi, a ja burkin hannu, a sa waigi a tayoyi. Kada a taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba madogara ba ne, domin yana iya fashewa ba zato. A yi amfani da ƙafafun ƙarfe da aka yi domin haka. Wanda ba shi da su, gara ya je garejin da ke da rami.

A tayar da inji na ƴan mintuna don mai ya yi ɗumi, sannan a kashe a ɗan jira, saboda mai mai zafi yana ƙona fata. A tabbatar notin da za a kwance na inji ne, domin akwatin giya ma yana da nasa a ƙasa, kuma akan rikita su. Bayan mai ya gama tsiyaya, a goge wurin, a sa sabuwar wosha, a fara ɗaura notin da yatsu kafin a kama da sifana.

Wajen filta, a duba ko robar tsohuwar ta maƙale a jikin inji. Idan roba biyu suka haɗu, mai zai tsiyaye cikin mintuna kaɗan. A shafa ɗan sabon mai a robar sabuwar filta, a ɗaure ta da hannu. Daga nan a zuba mai, a tayar da inji, a ga fitilar mai ta mutu cikin ƴan daƙiƙu, a leƙa ƙasa ko akwai ɗiga. A kashe, a jira minti biyar, a duba geji. Mai ya tsaya tsakanin alamomi biyu, domin wanda ya wuce kima kan yi kumfa ya kuma matsa wa robobin inji.

Kaskon mai

A ƙasan inji akwai kaskon da mai ke taruwa a ciki, daga nan famfon mai ke zuƙo shi ta wata rariya. Shi ne ɓangaren inji mafi kusa da ƙasa, don haka shi ke fara karo da dutse, da tudun rage gudu, da ramukan da ruwan damina ke bari a hanyoyin unguwanni, musamman a gari irin Gombe da ke fama da zaizayar ƙasa.

Kaskon ƙarfe kan lotsa, lotsewar kuma na iya toshe bakin rariyar ta rage man da ke isa sama. Na alminiyum kuwa tsagewa yake yi. Duk wanda ya ji ƙasan motarsa ta daki wani abu a hanyar Dukku, Biu ko Kaltungo, ya tsaya ya duba. Idan jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a kashe inji nan take, domin tafiyar kilomita ɗaya babu mai ta isa ta lalata shi.

Ɓarnar da aka fi yi wa kasko ita ce ɗaure noti da ƙarfin tsiya har zaren ramin ya cinye. Na biyu shi ne cika gam wajen mayar da kasko bayan gyaran yoyo. Rarar gam kan gutsure ta faɗa ciki ta toshe rariya. Ba kowane jiƙewar kasko ke nufin shi ke yoyo ba, sau da yawa daga sama man ke gangarowa, don haka a wanke wurin a gano tushen kafin a kwance komai.

Tsohon man ma yana ba da labari. Idan ya fito kamar shayi da madara, ruwan lagireto na shiga inji. Idan yana ƙyalli da burbushin ƙarfe, wani abu na ci a ciki. Waɗannan biyu aikin ƙwararren bakanike ne.

Ina za a kai baƙin mai?

Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta yi ƙiyasin cewa man juyen mota ɗaya na iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. Baƙin mai na ɗauke da gubar ƙarafa da sinadaran da gwaji ya nuna suna haddasa sankarar fata a jikin dabbobi. Bai dace a zuba shi a kwata, ko masai, ko kwari ba, haka nan bai dace a shafa shi a jikin dabba ko mutum da sunan magani ba.

Gombe na samun ruwan famfo daga madatsar Dadin Kowa, amma gidaje masu yawa sun dogara da rijiyoyi da burtsatse, abin da aka zubar a ƙasa kuma can yake gangarawa. A zuba tsohon man a jarka mai murfi, a nisanta shi daga yara da wuta, a miƙa shi ga gareji ko masu tattara shi. Hukumar kare muhalli ta jiha, GOSEPA, da ta tarayya, NESREA, su ne ke da hurumin ba da bayani kan zubar da irin wannan shara.

Bayan an gama, a rubuta kwanan wata, da adadin kilomita, da irin man da aka zuba a ƙaramin littafi a bar shi cikin mota. A kuma riƙa zaro geji ana dubawa sau ɗaya a mako, da safe kafin a tayar da inji.