Yadda tsatsa ke cinye amalanken masunta da manoman rani a Roni

Amalanke ba ya karyewa a ƙofar gida. Sai an labta masa kaya, an kama hanya, an zo gangare ko an faɗa rami, sannan a ji ƙarfe ya yi ƙara, taya ɗaya ta kwanta.

Idan buhunan taki ne a sama, asarar ba ta wuce wuni guda da kuɗin walda ba. Idan kuwa kwale-kwale aka ɗauko za a kai bakin ruwa, yana iya zamowa ya tsage, ko ya danne ƙafar yaron da ke kora shanun.

Abin da mai amalanken kan fara cewa shi ne ƙarfen zamani ba shi da ƙwari. Amma in aka duba bakin wurin da ya karye, sau da yawa sai a tarar ƙarfen ya koma kamar ɓawon gyaɗa, daga waje fenti na nan lafiya lau, ciki kuwa jan gari ne. Tsatsa ta daɗe tana cinsa ba wanda ya sani.

Ƙaramar Hukumar Roni na cikin ƙananan hukumomi huɗu da ke Masarautar Kazaure a Jihar Jigawa, tare da Kazaure da Gwiwa da 'Yankwashi. Yanki ne na duwatsu da tuddai, amma ruwa bai yi masa nisa ba. Kogin Gari na ratsa wannan shiyya, ga Dam ɗin Muhammadu Ayuba a garin Kazaure, ga kuma fadamu da kududdufai da ke cika da damina. Daga nan masunta da manoman rani ke samun abin sawa a bakin salati.

A ƙasashe irin su Amurka da Ingila, mai ƙaramin jirgin ruwa na da tirela ta musamman da yake ja da mota, ya tura ta cikin ruwa da baya har jirgin ya taso. A nan kuwa amalanken shanu ne ke wannan aiki, ko kura, ko wata 'yar tirela da mai walda ya haɗa da bututun ƙarfe da tsohon aksil ɗin mota. Shi ne zai kai jirgi da koma bakin ruwa, gobe ya ɗauko injin ban-ruwa, jibi ya kwaso taki daga garke. Duk aikin da yake yi, akwai laima a cikinsa.

Abu uku ne kawai

Tsatsa ba ta samuwa sai abu uku sun haɗu: ƙarfe da ruwa da iskar oksijin. In aka raba ƙarfe da ɗaya daga cikin biyun, ta tsaya. Shi ya sa fartanyar da aka rataye a rumbu kan shekara tana ƙyalli, wadda aka manta a kunya kuwa kwana uku ya ishe ta ta yi ja.

Abin da ya bambanta tsatsa da dattin da ke kan wasu ƙarafa shi ne ba ta rufe ƙarfen ta kare shi. Kumbura take yi, ta fi ƙarfen da ta cinye girma ninki-ba-ninki, sai ta ɗaga fenti ta fasa shi, ta riƙe ruwa kamar soso, ta ci gaba da ci daga ƙasa.

Kuma ƙarfen da ke jiƙewa ya bushe, ya sake jiƙewa, ya fi saurin lalacewa a kan wanda ke nutse can cikin ruwa, domin yana samun ruwan da iskar duka biyu. Wannan kuwa ita ce rayuwar amalanken bakin ruwa tun daga watan Yuni har zuwa Satumba, sannan ya zarce da ita a fadama lokacin noman rani.

Ɓarnar da ido ba ya gani

Mafi yawan amalanke da ƙananan tireloli da bututun ƙarfe ake haɗa su, mai kusurwa huɗu ko zagayayye. Mai fenti na iya shafe wajen bututu tsaf, amma ba ya iya shiga cikinsa. Da zarar an tura amalanke cikin ruwa, ruwan zai nemi kafa a wurin walda ko ramin noti ya shige. Shiga ba ta yi masa wuya, fita ce ke gagara.

Haka ruwan zai kwanta a ƙasan bututun tsawon makonni, rana na dumama shi, yana cin ƙarfen daga ciki. Kafin a ga alama a waje, kaurin ƙarfen ya ragu ƙwarai.

Maganin wannan ba shi da tsada, kuma a wurin mai walda yake. Ko dai ya toshe bakin bututun ya like shi ta yadda ko iska ba za ta shiga ba, ko kuma ya huda 'yan ƙananan ramuka a ƙasan kowane bututu, a wurin da ya fi gangarowa, domin ruwa ya tsiyaye. Na biyun ya fi tabbas, saboda waldar da za ta hana ruwa shiga gaba ɗaya ba kowa ke iya ta ba. Mafi munin lamari shi ne abin da aka fi gani: bututu a buɗe ta sama, a toshe ta ƙasa, ya zama tulu.

Wanda zai ba da sabon aiki kuma, gara ya nemi a yi masa da buɗaɗɗen ƙarfe mai kusurwa, wanda ake iya ganin kowane ɓangare nasa a goge a shafa fenti. Bai kai bututu kyan gani ba, amma ba ya ɓoye cuta.

Sauran maɓoyar tsatsa su ne inda katako ya kwanta a kan ƙarfe, da tsakanin ganyen sifirin, da ƙarƙashin noti, da cikin wili inda taɓo ke maƙalewa. Katako musamman kan sha ruwa ya riƙe, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya kwana a jiƙe ko da saman ya bushe. Tsohuwar roba ko yankin tsohon tif da aka sa tsakaninsu, bayan an yi wa ƙarfen fenti, na rage wannan.

Taki ya fi ruwa ɓarna

Masu jiragen bakin teku da gishiri suke fama, domin ruwan gishiri na hanzarta tsatsa. Ruwan Gari ba na gishiri ba ne, to amma manomin Roni na da nasa gishirin, wato takin zamani. Sinadaran da ke cikin NPK da yuriya na janyo laima daga iska, kuma wasunsu dangin gishiri ne. Buhu ɗaya ya yage a kan amalanke, garin ya shiga lungu, raɓa ta sauka a kansa, an gama haɗa wa tsatsa abinci.

Haka kashin shanu da fitsarinsu suke. Amalanken da ake ajiyewa a gefen turke, fitsari na fantsar masa kullum, ya fi wanda ke shiga kogi shiga haɗari.

Saboda haka wankin da ya fi muhimmanci shi ne na bayan ɗaukar taki. Bokiti biyu na ruwa mai tsabta da tsintsiya sun isa, a bi ƙasa da lunguna, sannan a jingine shi a ɗan karkace ya tsane a rana. Lulluɓe jiƙaƙƙen amalanke da leda ko tamfol kuskure ne, don gumi zai taru a ciki.

Boris da giris

Akwai wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Idan aka yi tafiya mai nisa, musamman in mota ko babur mai ƙafa uku ne ke jan tirelar, boris ɗin taya kan yi zafi. Da an tsoma tayar cikin ruwa mai sanyi, iskar da ke cikin gidan boris sai ta tsuke, ta zuƙo ruwa ciki. Ruwan ya gauraya da giris, giris ɗin ya koma fari-fari kamar kindirmo, ya daina aiki.

Daga nan sai ƙara, sai taya ta fara rawa, wata rana ta cije ko ta fice. Jira na ɗan lokaci a bakin ruwa kafin a shiga, har ƙarfen ya huce a iya dafa shi da hannu, na hana wannan. Inda hali ya yi, a tsaya kafin ruwa ya kai tsakiyar taya, a ƙarasa sauke jirgin da hannu.

Duk amalanken da ke shiga ruwa na bukatar a kwance tayoyinsa aƙalla sau ɗaya a shekara, a wanke boris da kananzir, a duba ko ya yi tabo, a cika shi da sabon giris. Kuɗin giris bai kama ƙafar kuɗin sabon aksil ba.

Fenti a kan tsatsa

Ana yawan ganin an ɗauko gwangwanin fenti an shafe amalanke a kan tsatsarsa, ya fito fes kamar sabo, musamman in za a kai shi kasuwa. Wannan kwalliya ce kawai. Tsatsar na nan a ƙasa, ba a jima ba fentin zai yi ƙuraje ya ɓare. Mai saye ya kula.

Aikin gaskiya kankara ce, kuma ita ce ke cin lokaci. A bi da buroshin waya da samfefa har sai farin ƙarfe ya bayyana, a goge maiƙo da ƙura, a shafa jan fentin nan na ƙasa da masu walda ke sa wa ƙofa da taga, a bari ya bushe sosai, sannan a bi da fentin mai sau biyu. Wurin walda ya fi bukatar kulawa, domin wuta ta riga ta ƙone duk wata kariya da ke wurin, kuma nan ne tsatsa ke fara kamawa.

Babu fentin da ke dawwama. Hasumiyar Eiffel da ke birnin Paris na Faransa, wadda aka kammala a 1889, ana sake mata fenti kusan duk bayan shekara bakwai, kuma kowane zagaye na cin kimanin tan 60.

Masu ƙera tirelar jirgi a ƙasashen waje sun fi dogara da wata hanyar, wato tsoma ƙarfen gaba ɗaya cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450 a ma'aunin Salshiyas. Tutiyar na shiga ciki da waje, kuma ko an ƙwarzane ta, ita ke fara lalacewa ta bar ƙarfen. Irin wannan rufi ne a jikin kwanon rufin ɗaki da bututun ruwa. Ana samun bututu mai tutiya a kasuwannin ƙarfe na Kano, sai dai ya fi tsada, kuma hayaƙin da yake fitarwa lokacin walda na sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. A fili ake waldarsa, inda iska ke kaɗawa, sannan a shafe wurin waldar da fenti.

Batun baƙin mai

Dabarar da ta fi yaɗuwa a karkara ita ce shafa baƙin mai, wanda aka juye daga inji. Gaskiya ne yana korar ruwa na ɗan lokaci, kuma kusan kyauta ake samunsa. Amma ga amalanken da ke shiga ruwa, illarsa ta fi amfaninsa. Yana ɗauke da dattin inji da sinadarai masu guba, kuma kaɗan daga cikinsa na iya shimfiɗuwa a saman ruwa mai faɗi. Ruwan nan shi kifi ke rayuwa a ciki, shi dabbobi ke sha, da shi ake ban-ruwan tumatir da albasa. Masuncin da ya shafe amalankensa da baƙin mai ya tura cikin dam, abincinsa yake ɓatawa.

Giris mai kauri a kan noti da sifirin ya fi shi zama, ba ya kuma wankewa da sauƙi.

Matsalar ba ta ƙauye kaɗai ba ce. Wani bincike da ƙungiyar masana lalacewar ƙarafa ta NACE ta fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa tsatsa da dangoginta na jawo wa duniya asarar kusan dala tiriliyan 2.5 a shekara, kimanin kashi 3.4 cikin 100 na arzikin da duniya ke samarwa. Binciken ya ce da za a bi hanyoyin kariya da aka riga aka sani, da an rage kashi 15 zuwa 35 cikin 100 na asarar.

Mutanen wannan yanki na da wata dama da mazauna Legas ko Fatakwal ba su cika samun irinta ba, wato hunturu mai bushewa sosai. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska a bushe take, ƙarfe na bushewa har cikinsa, fenti kuma na kamawa da kyau, in dai an kauce wa ranar da ƙura ta yi yawa. Lokacin gyara ke nan, ba ranar da hadarin farko ya haɗo ba.

Gwajin kuma ba ya bukatar na'ura. A kifar da amalanken, a ɗauki ƙaramar guduma a bi kowane bututu ana ƙwanƙwasawa, musamman kusa da aksil da kuma sandar da ake ɗaura wa shanu. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi mai zaƙi. Inda sautin ya mutu, ko guduma ta lotsa wurin, ko aka ji gari na zuba a ciki, wannan yanki ya gama aiki. Yanke shi ake yi a sa sabo, domin walda ba ta kama ruɓaɓɓen ƙarfe.